Tiyon bakum na distiributa a tsohuwar Land Cruiser: a toshe shi ko a gyara?

Mai_FJ60_Kano
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin injinan fetur. Motar Land Cruiser FJ60 ce ta 1984, injin 2F mai silinda shida, da kafureta, distiributarta mai kontak. Da ita nake zuwa gona wajen Falgore.

A tsaye sulo ɗinta lafiya lau, cikin gari ma ba laifi. Amma da na hau kwalta na riƙe totur wuri guda sai ta yi nauyi, allurar zafi ta riƙa hawa a hankali, mai kuma tana shansa fiye da yadda na san ta. An wanke lagireto, an canza fulogi, an wanke kafureta, ba abin da ya sauya. Bakanikena ya sassauta distiributa ya murɗa ta gaba da kunne, ta ɗan saki jiki. To amma yanzu in ta ɗauki kaya a hawa sai in ji ƙara a injin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, in ta yi zafi kuma kik da ƙyar yake juya ta.

Jiya na lura da wani ɗan kwano a jikin distiributar, tiyon da ya fito daga cikinsa an yanke an cusa masa ƙusa. Bakanike ya ce bakum ne, ba shi da amfani, kowa cire shi yake yi. Gaskiya ne? Ko shi ne tushen matsalata?

Direban_Agadas
Wa alaikumus salam. Bakanikenka bai yi ƙarya ba, ɗan'uwa. Mu nan motocin da ke shiga rairai da yawa an toshe masu wanga abu tun da daɗewa, suna ta aiki. In kana cikin yashi ƙafarka na ƙasa, bakum ba ya yin komai. Ƙura kawai yake jawo ma delko, wato distiributa, in robar cikin kwanon ta fashe. Ka duba lagireto dai da kyau.

Injiniya_Zazzau
Malam Direba, rabin maganarka daidai ce, amma rabin da ka bari shi ne ya shafi mai tambaya.

Bari in ɗan tsawaita don waɗanda ba su taɓa buɗe distiributa ba. Mai da iska ba sa ƙonewa nan take cikin silinda, suna ɗaukar ɗan lokaci. Shi ya sa fulogi yake ba da wuta tun fistin bai ƙarasa sama ba, domin ƙarfin konewar ya same shi daidai lokacin da ya fara gangarowa. Abu uku ne ke tsara lokacin wutar nan. Na farko inda aka ɗaure distiributa, a 2F digiri 7 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa. Na biyu wasu ƙarafa masu nauyi da sifirin a can ƙasan distiributa, waɗanda ke buɗewa in injin ya ƙara gudu, su ja wutar gaba. Waɗannan gudun inji kaɗai suka sani, ba ruwansu da kaya. Na uku shi ne kwanon da ka gani, shi kuma nauyin da ke kan inji yake bi.

In kana tafe a kwalta totur a ɗan buɗe, abin da ke shiga silinda kaɗan ne kuma mai bai yi yawa a ciki ba, don haka a hankali yake ci. Yana buƙatar a kunna shi da wuri sosai. A daidai wannan lokacin zuƙar iska tana da ƙarfi a manifol, wato bututun da ke kai mai da iska daga kafureta zuwa silinda, sai ta ja robar cikin kwanon, robar ta ja farantin da kontak, wato ɗan makunnin da buɗewarsa ke sa fulogi ya ba da wuta, ke zaune a kai, wuta ta ƙara yin gaba da digiri goma ko fiye, gwargwadon irin distiributar. Da ka taka totur ƙasa zuƙar ta faɗi, farantin ya koma mazauninsa. Shi ya sa a yashi Malam Direba bai ga amfaninsa ba. Amma a kwalta, in babu shi, wutar na zuwa a makare, man na ƙarasa ci lokacin da bawul ɗin hayaƙi ya kusa buɗewa. Ƙarfin da ya kamata ya tura fistin sai ya koma zafi a kan injin da manifol. Nauyi, zafi, shan mai: duk abubuwan da ka lissafa.

Murɗawar da bakanikenka ya yi kuwa ta cike giɓin a kwalta, amma ta bar wutar gaba har a lokacin da ba a so, wato a hawa da lokacin tayarwa. Ƙarar nan da kake ji ba abin wasa ba ce, tana cin fistin da zobba. Kada ka ci gaba da lodi a haka.

Baba_Fanteka
Injiniya ya gama magana. Ni dai ga yadda muke gwadawa tun muna yara a gareji. Cire hular distiributa. Samo tiyo mai tsabta ka sa a bakin kwanon, ka zuƙa da bakinka kana kallon farantin. In lafiya yake za ka ga ya motsa. Sai ka toshe bakin tiyon da harshe. In farantin ya tsaya har ka saki sannan ya koma da sauri, robar na da rai. In ya motsa ya sulale baya a hankali, ta fara tsagewa. In kuwa iska ce kawai ke wucewa ba tirjiya, ta mutu. Yi wannan ka dawo mana, yaro.

Ummu_Hanif
Baba, a gafarce ni, ina ganin gara a yi da babban sirinji maimakon baki. Wani lokaci tururin fetur na taruwa a cikin kwanon, ba daɗi ya shiga bakin mutum. Mu da ke aikin asibiti muna ganin waɗanda suka shaƙi fetur ya shiga huhu. Sirinji mai mil 50 ba tsada, kuma kana ja kana ganin ko yana riƙewa.

Baba_Fanteka
Gaskiyarki, 'yata. Wanda ya samu sirinji ya yi da shi.

Mai_FJ60_Kano
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na gwada da sirinji kamar yadda Hajiya ta ce. Ba ya riƙe komai, ana ja yana tahowa salin alin, farantin ko gezau. Ke nan robar ta mutu. Na kuma gwada tura farantin da sukudireba, da ƙyar ya ɗan motsa, kuma bai dawo da kansa ba.

Oga_Rewaya_KofarRuwa
To matsala biyu gare ka, Alhaji, ba ɗaya ba. Ko ka sa sabon kwano yau, ba zai iya jan farantin da ya ƙame ba. Farantin nan hawa biyu ne, na sama yana juyawa a kan na ƙasa, tsakaninsu akwai giris. Shekara da shekaru ƙurar hunturu na shiga ta haɗu da tsohon giris ta daskare. Sai an fito da shi an jiƙa a kananzir, a wanke, a sa ɗan sabon giris kaɗan, ba mai yawa ba don kada ya fantsama kan kontak.

Ina ma zargin abin da ya kashe robar ke nan tun farko, tana ja abu ya ƙi tafiya.

Tunda ka buɗe, kama rota ka ɗan murɗa ta ta ɓangaren da take juyawa ka saki. Ya kamata ta tafi kaɗan ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi, ƙarafan ƙasa ma sun yi tsatsa. In ta tafi ba ta dawo ba, sifirin ya saki ko ya karye. Cire rotar za ka ga ɗan auduga a tsakiyar sandar, ɗigon baƙin mai biyu ake sa masa lokacin sabis, amma yanzu wa ke tunawa da shi.

Sarkin_Giya
Ni tambayata daban. In ya gyara, ina zai soke tiyon? Na ga wasu suna haɗawa kai tsaye da manifol, sun ce ya fi, injin ya fi sanyi a tsaye.

Injiniya_Zazzau
Wannan tsohuwar gardama ce. Bakin da ke jikin kafureta ramin nasa yana ɗan saman farantin totur, don haka a sulo babu zuƙa, sai ka ɗan taka sannan ta zo. Na manifol kuwa yana ja tun daga sulo. Da mota ta hau hanya kusan duk ɗaya suke, bambancin a tsaye ne. Distiributar FJ60 irin tasa an tsara ta ne da bakin kafureta, ni can zan mayar.

Gane shi ba wuya: injin na sulo, ɗora yatsa a bakin. Ba ka ji komai ba, ka ɗan ja totur ka ji ya kama yatsa, to shi ne.

Sarkin_Giya
Amma Injiniya, a cunkoson Kano da zafin watan Afrilu, in haɗawa da manifol na rage zafi a tsaye, me ya sa ba za a yi ba? Ni tawa FJ45 haka take kuma ban ga illa ba.

Injiniya_Zazzau
Ban ce haramun ba ne, ranka ya daɗe. Wutar da ta yi gaba a sulo tana rage zafi, gaskiya ne. Sharaɗin shi ne kwanon ya gama janyewa gaba ɗaya da zuƙar da injin ke bayarwa a sulo. In injin ya tsufa zuƙarsa ta yi rauni, farantin zai riƙa kai da kawowa, sulo na hawa yana sauka. Sannan dole a sake saita sulo domin zai ɗaga. Taka ta karɓa, madalla. Amma mutumin da ke neman gano cuta gara ya mayar da komai yadda kamfani ya yi tukuna, in mota ta daidaita sai ya yi gwaje-gwajensa.

Dan_Bauchi_4x4
Duk wannan wahalar ta mene ne? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai injin fetur lita 4.2 yana cikin jarrabawa. Ka sauke shi ka ɗora dizal 2H ko 1HZ ka huta da kontak da kafureta gaba ɗaya.

Mai_FJ60_Kano
Ɗan'uwa, kuɗin injin 1HZ ai ya kusa kuɗin motar. Ga giyabos, ga wayoyi, ga tanki. Injina ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai.

Alhaji_Tirela
Kuma dizal ɗin ma ba arha yake ba yanzu. Ni da zan ba da shawara, gas zan ce. Injin kafureta mai ƙarancin matsi irin 2F yana karɓar gas, in an samu wanda ya iya haɗawa. Sai dai wurin cikawa ne babu a hanyar daji.

Dan_Bauchi_4x4
Tukunyar gas a mota mai shiga gargada? Ni dai a'a.

Injiniya_Zazzau
Ko gas ɗin aka sa, da wannan distiributar za a kunna shi, kuma gas ɗin CNG ya fi fetur son wuta da wuri. Ke nan ba a tsere wa gyaran ba.

Admin_Garba
Jama'a, maganar canza inji a buɗe mata nata zaren. Nan a taimaka wa bawan Allah ya gyara abin da ke gabansa.

Direban_Agadas
Na karanta bayanin Injiniya, na yarda da batun kwalta. Amma ina nan kan bakana ga motar da ke rayuwa cikin hamada. Robar nan in ta fashe tsakanin Agadas da Dirku, ba wanda zai sayar maka da wata. Kuma tana fashewa iska mai ƙura ta samu hanyar shiga inji ba ta bi ta matata ba. Mun fi son abin da ba ya lalacewa. Mai tambaya shi hanyarsa kwalta ce mafi yawa, to ya gyara.

Baba_Fanteka
In ta fashe a daji ai toshewar ita ce daidai, Malam, ba wanda ya musa. Sai dai a toshe ta ɓangaren kafureta, ba ta ɓangaren distiributa ba. Mai FJ60, ƙusar da ka gani a wane guntu take? In a guntun da ke manne da kwano take, je ka duba bakin kafureta, wataƙila a buɗe yake yana shan iska.

Mai_FJ60_Kano
Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Ƙusar a guntun distiributa take. Na bi bututun ƙarfen da ya zagayo daga ɗaya gefen injin, bakinsa a buɗe yake, ba a toshe ba. Ke nan duk lokacin da na taka yana zuƙar iska.

Oga_Rewaya_KofarRuwa
Shi ya sa sulo ɗinka lafiya. Bakin kafureta ba ya ja a sulo, sai ka taka ɓarakar ke buɗewa. Ramin ƙarami ne, ba zai hana mota tafiya ba, amma yana ƙara rage mai a daidai inda wutar ma ta makara. Hura bututun ƙarfen nan ka tabbata bai toshe ba kuma bai huje ba, a 2F doguwar tafiya yake yi saboda kafureta na gefe guda distiributa na ɗaya gefen. Guntayen robar da ke bakinsa biyu ka canza su sababbi, masu kama baki tam.

Makaniken_Jos
Abu biyu zan ƙara.

Na ɗaya, in za ka sayi na hannu a kasuwa ka kula. Ba duk distiributar 2F ce iri ɗaya ba. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka a shekarun 1980 ba su da kontak, kuma kwanonsu baki biyu ne, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya na ƙara wuta in mota ta hau tudu mai nisa inda iska ta yi ƙaranci. Akwai ma na wasu tsofaffin injinan F na Amurka da kwanonsu baya yake mayar da wuta, ba gaba ba, saboda dokar hayaƙi ta lokacin. Ka sa irin wannan a bakin da ba nasa ba, ka ƙara wa kanka ciwo. Tafi da taka a hannu, a gwada lamba da lamba, ka kuma tafi da sirinjinka ka gwada a gaban mai shago.

Na biyu, duk wanda zai auna zuƙar manifol da geji ya tuna da tudu. Littafi na cewa lafiyayyen inji yana ba da inci 17 zuwa 21 a sulo, amma a bakin teku ke nan. Kowane mita 300 da ka hau ana rasa kusan inci ɗaya. Mu nan Jos muna kusan mita 1,200, don haka in ka ga 15 ko 16 ba lallai inji ne ya gaji ba. Kano ba ta kai rabin tudunmu ba, bambancinku kaɗan ne.

Yaro_Mai_Koyo
Oga, don Allah ina alamar taimin take a injin nan? Na duba fulin gaba na wata a garejinmu ban ga komai ba. Wani ya ce min a fuli take kamar sauran motoci.

Baba_Fanteka
Ba a fuli take ba, ɗana. A 2F alamar na jikin fulawil. Duba bayan injin ta gefen distiributa, kusa da kik, akwai 'yar taga mai murfi, da tsinke a cikinta. Juya injin a hankali za ka ga layi, za ka kuma ga ɗan ƙwallon ƙarfe da aka dasa. Layin shi ne ƙololuwar fistin, ƙwallon shi ne digiri 7. Goge shi ka ɗiga masa farin fenti don ya fito a fitila.

Kuma kafin ka taɓa taimin, fara da kontak. Tazararsa 0.45 na milimita. In ta buɗe da yawa wuta ta yi gaba, in ta tsuke ta yi baya. Wanda ya saita taimin sannan ya dawo ya taɓa kontak ya ɓata aikinsa. Tazarar fulogi 0.8 na milimita. Jerin wuta 1-5-3-6-2-4. Sulo wajen juyi 650 a minti. Lokacin saitawa cire tiyon bakum ka toshe shi.

In babu fitilar taimin, ƙwan fitila mai waya biyu ya isa. Kawo ƙwallon daidai tsinke silinda ta ɗaya na kan matsi, haɗa waya ɗaya a wayar kontak ɗaya a jikin inji, buɗe makulli, mayar da distiributa baya har ƙwan ya mutu, sannan ka dawo da ita a hankali. Inda ya kama, nan kontak ya buɗe, ɗaure a nan.

Yaro_Mai_Koyo
Na gode Baba, na rubuta a littafina.

Oga_Rewaya_KofarRuwa
GARGAƊI ga duk wanda zai zare distiributar 2F gaba ɗaya. Ƙarshen sandarta shi ke juya famfon baƙin mai. In ka mayar ba ta zauna har ƙasa ba, harshen sandar bai shiga tsagar famfon ba, injin zai iya tashi lafiya lau alhali mai ba ya zagayawa. 'Yan mintuna sun isa ya ci metal, wato beyarin ɗin cikin inji. Kafin ka zare, yi alama inda rota ke kallo da inda jikinta yake. In ka mayar ka tabbata ta zauna daram, kana tayarwa idonka na kan gejin baƙin mai. Bai ɗaga ba cikin daƙiƙu kaɗan, kashe.

Alhaji_Tirela
Wannan gargaɗin a manna shi sama, Admin. Na taɓa ganin injin da ya tafi a haka, mai shi har hawaye ya yi.

Mai_Landiroba
Mu masu Land Rover Series III mai injin fetur 2.25 ma duk kanwar ja ce. Tamu distiributar Lucas ce, silinda huɗu, jerin wuta 1-3-4-2, amma cutar iri ɗaya: roba ta tsage, faranti ya ƙame. Abin da ban ga an ambata ba shi ne 'yar wayar nan mai laushi da ke haɗa faranti da jikin distiributa. Ita ce at ɗin kontak, wato hanyar da wutarsa ke bi ta koma jikin inji. Duk motsin da faranti ya yi tana lanƙwasa, daga ƙarshe ta karye a ciki, bawon na nan lafiya. Alamarta: mota na sulo daidai, ka ɗan taka ta yi tsam kamar za ta mutu, ka taka sosai ta tafi. In ka cire tiyon bakum matsalar ta ɓace. Da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa bakum ne mugu su toshe shi, alhali waya ce ta naira kaɗan.

Tsohon_Direban_504
Haka yake a Peugeot 504 ma, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Zamanin da muke Kano zuwa Maiduguri, direban da bakum ɗinsa ke aiki da wanda ya toshe ba sa shan mai daidai, kowa a tasha ya san haka. Yaran yanzu sun taso da motocin kwamfuta, ba laifinsu ba ne, ba su ga abin yana aiki ba balle su san darajarsa.

Dan_Bauchi_4x4
To ko a bar maganar dizal, ya sa na'urar lantarki a madadin kontak mana. Ana samun wadda ke shiga cikin distiributar.

Oga_Rewaya_KofarRuwa
Ana sa wa, tana da kyau, ta raba ka da saita tazara. Amma a kan farantin nan dai za ta zauna, kwanon nan dai zai ja ta. Ba ta maye gurbin bakum. Wanda kuma ke shiga daji ya ajiye tsohon kontak da kondensa a mota, domin ita in ta mutu ba a gyara ta a bakin hanya.

Mai_FJ60_Kano
Salam jama'a, ga inda aka kwana. Na samu distiributa ta hannu mai lamba irin tawa, na gwada kwanonta da sirinji a wurin, yana riƙewa. Kwanon kawai muka ɗauka muka sa a tawa. An wanke faranti, yanzu da yatsa ma yana tafiya ya dawo. Ƙarafan ƙasa lafiyarsu lau. An sa kontak 0.45, an kawo ƙwallo kan tsinke da fitila. Da muka haska kafin a gyara, ƙwallon ma ba ya cikin tagar, ya yi gaba can. Mun mayar da tiyo bakin kafureta, ana jan totur ana ganin alamar na gudu, a cire tiyo ta ɗan dawo.

Na je gona na dawo. Ƙarar hawa ta tafi, kik na juyawa da sauƙi, allurar zafi ta zauna ƙasa da inda take tsayawa da. Mai ma da alama ya ragu, sai na ƙara lura. Bakanikena ma ya tsaya ya ga komai, ya ce zai duba na sauran motocin da ke zuwa wurinsa.

Saura abu ɗaya. In ina tafe a hankali a giya ta uku na ɗan taɓa totur, tana yin 'yar shaƙewa kafin ta ɗauka. Da ba ta yi. Mene ne wannan kuma?

Mai_Landiroba
Wayar at ɗin da na faɗa. Faranti ya shekara bai motsa ba, yanzu ya fara, wayar ta bushe. Ja ta a hankali da yatsa ka ga ko tana miƙewa.

Baba_Fanteka
Ni kafureta nake zargi. Da can wutar na gaba sosai tana rufe aibin. Kashe inji, cire matatar iska, leƙa cikin maƙogwaron kafureta ka ja totur. Ya kamata ka ga mai ya tsarto siriri da ƙarfi nan take. In ɗiga yake ko ya makara, fatar ɗan famfon totur ta bushe. Kuma wataƙila an taɓa sukurun sulo lokacin da ake bin matsalar, a sake saita shi yanzu da taimin ya daidaita.

Makaniken_Jos
Kada a manta manifol. A 2F manifol ɗin shiga yana zaune kan na hayaƙi, zafi na dukansa daga ƙasa daidai ƙarƙashin kafureta, kuma an san shi da tsagewa a wurin. Motar da ta daɗe tana tafiya da wuta a makare ta gasa shi sosai. A sa geji a ga abin da yake bayarwa. Masu fesa mai a gefen gasket don neman ɓaraka su yi da inji mai sanyi, da abin kashe gobara kusa.

Injiniya_Zazzau
Duka ukun na iya yiwuwa, kuma raba su ba wuya. Cire tiyon bakum, toshe ɓangaren kafureta, zagaya da ita. Shaƙewar ta ɓace, matsalar na cikin distiributa: waya, ko sandar ta yi lako-lako har tazarar kontak na sauyawa in faranti ya juya. Kama sandar ka girgiza gefe da gefe za ka ji. Shaƙewar na nan, koma wajen Baba da Makaniken Jos.

Wani abu kuma: kwanon da ka saya, a ƙarshensa akwai ɗan sukuru mai juyawa da hannu? Wasu distiributocin Toyota na wancan zamani suna da shi don ƙara ko rage wuta kaɗan gwargwadon kyan mai. In akwai, a tabbata yana tsakiya kafin a ɗaure taimin. Yana da amfani ranar da dole ta sa ka sha man bumburutu, ka ji ƙara, ka ɗan mayar baya ba sai ka nemi sifana ba.

Sarkin_Giya
Ni har yanzu ina ganin da ya haɗa da manifol shaƙewar nan ba za ta zo ba, domin wutar na gaba tun kafin ya taka.

Injiniya_Zazzau
Ko kuma ta ƙaru, ranka ya daɗe, domin a manifol kana takawa zuƙa faɗuwa take yi, wuta ta koma baya a daidai lokacin. Ya gwada duka biyun in ya gama da wayar, tiyo ɗaya ne zai canza wa baki.

Direban_Agadas
Ka ga abin da nake faɗi, an gyara ɗaya wani ya fito. Amma tunda zafi ya sauka, ban da ta cewa. In ka gwada na manifol ka faɗa mana, akwai wata FJ75 mai injin 3F nan da nake son in mayar ma nata, tana yawan zuwa Zinder kan kwalta.

Mai_FJ60_Kano
Akwai sukurun, Injiniya, ban san aikinsa ba sai yanzu, kuma ba a tsakiya yake ba. Gobe in sha Allah zan fara da toshe tiyo kamar yadda ka ce, sannan in leƙa famfon totur. Oga Rewaya, in wayar ce, kowace waya za a iya sa wa ko sai irin tata?

Oga_Rewaya_KofarRuwa
Sai mai laushi sosai, mai siraran zare da yawa. Waya mai tauri za ta riƙe farantin ko ta karye cikin wata guda. Ciro ta cikin distiributar da ka saya, ai tana hannunka, ka bar mata ɗan sako-sako yadda faranti zai kai ƙarshe ba ta ja ba.